Ƙundun Tasalla

Ku matso kusa. Mudan, kashe fitilar nan, sauro kawai take tara mana. Ke kuma Ɗayyaba, in kin san za ki hana ni barci da kuka, tashi tun yanzu ki bi Umma ɗaki.

Ba za ki tashi ba? To, ni Sahura na fita haƙƙinki.

Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Ta riga ta zo. Tana nan tsaye a lambun shaƙatawa na bakin gidan zu, inda kuka hau lilo da ƙaramar Sallah. Jiminar simintin nan da kuka yi ta rungumar ƙafarta ana ɗaukar ku hoto. Ita nake nufi.

Ku siminti kuka tarar, iyayenmu su suka ga mai ran. Ranar Sallah aka sauke ta daga mota, shi ya sa aka sa mata Tasalla. Doguwa, mai gashin ido kamar ta sha kwalli. In yara suka yi mata tafi, sai ta buɗe fukafukai ta yi ta juyi har jiri ya ɗebe ta. Garin nan ba a taɓa son dabba kamar ta ba. Mutumin da zai yi wata bai leƙa gwaggonsa ba, sai ka gan shi ya sayi gyaɗa ya tafi gaida Tasalla.

Aibinta ɗaya ne. Ba ta ganin abu mai ƙyalli ta ƙyale shi. Makulli, maɓalli, marfin kwalba, duk haɗiyewa take. Jimina ba ta da haƙori, da tsakuwa take niƙa abinci a cikin ƙundunta, ita kuwa Tasalla ba ruwanta da bambanta tsakuwa da zinare. Ta taɓa zuro wuya ta saman waya ta fizge wa wata amarya warin ɗan kunne na zinare, har kunnen ya tsage. Tun daga ranar aka kafa doka, mace ba ta matsawa kusa da wayar sai ta cire na kunnenta.

A nan Sallau mai hoto ya shigo. Shi ke ɗaukar mutane hoto a gaban kejin. Yana da wani gwangwanin madara da yake ratayawa a wuya tare da kyamara. Mace ta zo, sai ya ce, "Hajiya, a cire 'yan kunne." Ta cire ta jefa a gwangwani, ya ɗauke ta, ta juye kayanta ta tafi. Shekara da shekaru ko allura ba ta taɓa ɓata a ciki ba. Har ta kai in abu ya sami ma'ajiya mai kyau, sai a ce ya shiga gwangwanin Sallau. Ba shi da gona, gidan da yake ciki ma na haya ne. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara a duniya.

Wata damina Tasalla ta zame a taɓo ta karye a cinya. Da yamma ne, an riga an sallami 'yan kallo. Ma'aikata suka kewaye ta. Wuya a ƙasa, numfashi sama-sama.

Kun san halinmu. Ba ma iya tsayawa muna kallo nama ya zama mushe.

Wani ya ce, "Jama'a, wannan fa ba za ta kai safe ba."

Wani ya ce, "Ai halak ce."

Kafin ka ce kwabo wuƙa ta fito. Sallau ne ya danne fukafukai. Aka fuskantar da ita alƙibla, aka yi bismillah.

Kowa ya naɗe kasonsa a takardar siminti. Sallau ba ma'aikaci ba ne, sai aka ba shi ƙundu, ladan dannewa. Gashi da ƙashi aka tona rami aka rufe. Da safe aka ce wa gari Tasalla ta mutu, an binne ta. Duk wanda ya ci ya ja bakinsa ya yi gum, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shi Sallau matarsa Uwani ya kai wa ƙundun. Ta gyara, ta dafa, suka ci da tuwo. Bai tambaye ta me ta tarar a ciki ba. Ita ma ba ta ce ba.

Gari ya yi jimami ƙwarai. Har da manya masu gemu an ga suna share ido. Sai aka yi shawara a yi mata mutum-mutumi a lambu, gindin tsamiyar nan. Waya aka lanƙwasa aka shafe da siminti, aka bar bakin a buɗe. Cikin kuwa fayau, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar tulun da babu ruwa. Ranar da aka yaye ƙyallen da aka rufe ta da shi, wata tsohuwa mai sayar da dakuwa ta tsaya tana kallo. Ta ce, "Kun gina ɗaki kun bar ƙofa a buɗe. Ɗaki kuwa ba ya rasa mai shiga." Aka yi mata dariya.

Sallau ya kwashe kayansa ya koma gindin mutum-mutumin. Ciniki ya fi na da. Gwangwani kuwa ya ajiye shi a gida, tunda siminti ba ya haɗiye komai.

Sai 'yan kunne suka fara ɓata.

Mace ta zo lambu da biyu, ta koma gida da ɗaya. Ba ta ji an taɓa ta ba, ba ta ji ya faɗi ba. Ta farko aka ce sakaci ne. Ta biyu aka ce ƙugiyar ce ta saki. Da abin ya yi yawa, matan suka fara haɗa baki a gidajen biki, suka gano abu ɗaya: duk wadda ta rasa nata, ta tsaya hoto a gindin Tasalla. Wa ke matsowa kusa da mace a wurin? Wa ke cewa, "Hajiya, ɗan karkata kai," har ya miƙa hannu kusa da kunne?

Ɗayyaba, saki kunnenki. Ba a zo wurin ba tukuna.

An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma garin nan kowa ya ɗebi nasa zunubin. Mata suka koma rufe kunne da gyale in sun hango Sallau. Waɗanda a da suke damƙa masa zinarensu ba tare da sun ƙirga ba, su ne suka koma cewa, "Da ma can gwangwanin nan dabara ce, yana koyon nauyin na kowa." Shi kuma Sallau ya koma zargin kowa. Mai askirim ya cika tsayawa bayan mata. Mai zoɓo hannunta ya cika sauri. Ɗanladi mai gadi ya sayi sabon takalmi. Gaisuwa ta mutu a lambun nan, kowa na kallon hannun ɗan'uwansa.

Ƙarshe mijin wata, wani mahauci mai zafin kai, ya kai ƙara gaban mai unguwa.

Mai unguwa ya ce, "Sallau, ni ban ce kai ne ba. Amma bakin mutane ya yi yawa. Ranar Juma'a in an sauko, za ka yi alwala ka dafa Alƙur'ani a ƙofar masallaci. Ka ce babu ɗan kunnen wata mace a hannunka, babu a gidanka."

Sallau ya bugi ƙirji. "Ranka ya daɗe, ko yanzu a kawo."

Kun dai san abin da ke bin wanda ya dafa Littafi a kan ƙarya. Ba sai na faɗa da dare ba.

Da ya gaya wa Uwani, sai ludayin miya ya suɓuce mata. Ta ce, "Malam, dole sai an sa gida a ciki? Ba za a tsaya a hannu ba?"

Ya ce, "Me ke gidan da zan ji tsoro?"

Ta ce, "Babu." Ta ƙara ja kallabinta ƙasa. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma shi gogan hankalinsa na kan takalmin Ɗanladi.

Ranar Alhamis ya ƙudura sai ya kama ɓarawon da hannunsa. A ganinsa mai gadi ne ke ɓoye kayan a wani wuri cikin lambun, ya dawo ya kwashe in an watse. Da aka fara korar mutane gab da magariba, sai ya laɓe bayan tsamiya. Aka ja ƙofa. Ɗanladi ya ɗauki buta ya nufi masallaci.

Lambu ya yi tsit. Ko jemagun tsamiya ba su motsa ba.

Sai ya ji takun tafiya a kan tsakuwa. Taku ɗaya. Shiru mai tsawo. Taku ɗaya. Kamar mai tafiyar tana tunani kafin ta sauke kowace ƙafa.

"Mai hoto."

Ta bayansa muryar ta fito. Ya juya. Mace ce doguwa, ta yafa mayafi ruwan toka har ƙasa. Fuska 'yar ƙarama, idanu manya, gashin ido zara-zara. Ba ta yi sallama ba.

Ya ce, "Hajiya, an rufe."

"Na sani."

Abin da ya fara damunsa shi ne muryar. Baki zai motsa, sai can daga baya maganar ta iso, kamar daga nesa take hawowa.

"Ɗauke ni."

"Haske ya tafi, Hajiya."

"Ɗauke ni."

Ya ɗaga kyamara don dai ya rabu da ita. Ta zauna a kan dakalin mutum-mutumin. Da za ta zauna, mayafin ya tokaro ta baya daidai gwiwa, ba ta gaba ba. Sallau ya ce a ransa, iska ce. Alhali ko ganye ba ya motsi.

Sabo ya sa ya ce, "Ɗan karkata kai."

Ta karkata. Kafaɗa na nan inda take. Kan ya yi ta tafiya gefe, ya yi ta tafiya, har ya sauko ya leƙo shi ta ƙarƙashin kyamarar.

Ya sauke ido ƙasa don kada ya kalle ta. Da ma bai sauke ba. Mayafin ya ɗan ɗage. Babu takalmi. Yatsu biyu ne a kowace ƙafa, ɗaya babba mai farce kamar bakin fartanya, ɗaya ƙarami a gefe.

Mudan, in za ka yi fitsari ka riƙe. Ba mai raka ka.

Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu, harshe ya ƙi juyawa. Ita kuwa ta sa hannu ta ɗebi tsakuwar ƙasa, ta watsa a baki kamar gyaɗa. Ya ga tsakuwar tana gangarawa ta maƙogwaro, tana gangarawa, ba ta da niyyar isa.

Ta ce, "Ba ta niƙa. Sabuwa ce, kaifi gare ta."

Ya ja da baya.

"Kai ka danne fukafukai."

"Hajiya, ki yi wa Allah..."

"Naman na yafe. An yi bismillah. Tsuntsuwar ma haya nake a cikinta, kamar yadda kake haya. Kun rushe, kun gina mini wani, na gode." Ta ƙwanƙwasa cikin mutum-mutumin da farce, ya amsa fayau. "Amma babu kayan ɗaki. Ina kayan cikin ƙundun?"

"Wallahi ban ga komai ba."

"Ba ka duba ba. Shekaru ina tarawa. Tun da kuka kwashe ban ci abin da ya zauna mini ba. Ina ta ɗaukar na matan nan, ba sa niƙa. Nawa nake so."

Ta miƙe. Ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa, bai ga ƙarshenta ba sai cikin rassan tsamiya. Daga can maganar ta sauko.

"Gobe za ka dafa Littafi."

"I."

"Za ka ce babu a gidanka."

"Babu."

"Akwai. Na amaryar nan. Ɗazu ba ka sani ba, yanzu ka sani. Ka kawo mini kafin ladan ya gama kiran isha. In ba haka ba zan je in ɗauka. Ka kuwa san yadda nake ɗauka."

Bai san ta inda ya haura katangar lambun ba. Takalmi ɗaya a can ya bar shi. Ya faɗa gida ba sallama, ya tarar da Uwani a tsakar gida tana kwashe tuwo.

"Uwani, me kika tarar a cikin ƙundun nan?"

"Wane ƙundu?"

"Kada ki maida ni yaro. Me kika tarar?"

"Tsakuwa ce, Malam. Na zubar."

"Tsakuwa kaɗai?"

"Yau kuma ni ake tuhuma? Gari ya ce kai ne, kai kuma ka ce ni ce?"

Ya roƙe ta. Ya yi mata faɗa. Ya durƙusa. Ta kafe, har da hawaye. Ni dai ba na ganin laifinta da yawa. Matar da tunda aka haife ta zinare bai taɓa jikinta ba, ta tsaga ƙundu ta ga yana ƙyalli cikin tsakuwa. Ba na kowa ba ne a ganinta, tsintuwa ce daga cikin miya. Ta kai wa maƙeri ya ƙera mata ɗan'uwansa na tagulla, take sawa a ƙarƙashin kallabi, ba don kowa ya gani ba, don dai ta ji nauyinsa. Yanzu kuma ta ina za ta fara faɗa, bayan mijinta ya bugi ƙirji gaban mai unguwa?

Ladan ya ɗaga murya.

Sallau ya ce, "Uwani, cire kallabin nan."

Ta dafe kai da hannu biyu.

Can a lungu suka ji gudu. Dif. Dif. Dif. Kowane taku ya haɗiye gida guda. Ya tsaya a bayan katangarsu.

Ladan ya kai la'ilaha illallah.

Wani abu dogo, siriri, ya lanƙwaso ta saman katanga. Bai yi sauri ba. Ya ɗaga gefen kallabin a hankali, ya duba kunnen dama, ya bar shi, don tagulla ce. Ya zagaya hagu.

Ƙarar da Uwani ta yi, har bakin kasuwa an ji.

Da maƙwabta suka shigo, Sallau ya ce ƙusar ƙofa ce ta kama ta. Aka sa toka aka ɗaure. Bayan sun fita, Uwani ta janyo wata kwalla daga ƙarƙashin gado. Tsakuwa ce sumul-sumul kamar duwatsun wuya, da makullai, da maɓallai. Ashe ko ɗaya ba ta zubar ba. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

Da aka idar da sallar asuba ya ɗauki kwallar ya tafi lambu. Ya taka dakali, ya juye ta cikin bakin mutum-mutumin. Ya ji suna gangarawa. Sai shiru. Sai can ciki wani abu ya fara juyawa, gurr, gurr, kamar ana niƙa a ɗakin maƙwabta.

Da ya sauko, sai ya ga an tone ƙasa a gindin dakalin, ɗan rami mai faɗi irin wanda jimina ke yi in za ta saka ƙwai. 'Yan kunnen matan gari ne a ciki, an jera su, babu wanda ya ɓata.

Kuna zaton shi ke nan ya tsira ko? Haka yara ke zato.

Ya kwashe ya kai wa mai unguwa a ƙofar masallaci, gaban jama'a. Ya ce a gindin Tasalla ya tsince su.

Mahaucin nan ya yi dariya. "Ranar rantsuwa ka tsince su? Sannu da sa'a."

Mai unguwa ya ce, "Ba komai. Ga Littafi. Tunda ka ce tsintuwa ce, dafa ka ce ɗan kunnen wata mace bai taɓa kwana a gidanka ba. Magana ta mutu."

Sallau ya dubi Alƙur'ani. In ya dafa, ya san ƙarya ce. In ya faɗi gaskiya, kafin la'asar gari ya san dalilin da ya sa kunnen Uwani ke ɗaure, kuma ba za ta sake shiga gidan biki ba a nuna ta ba. Ya ɗago hannu kamar zai dafa. Sannan ya maida hannunsa aljihu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan dafa ba."

"Me ya sa?"

"Ba zan dafa ba dai."

Bai sake ɗaukar kowa hoto ba. Ya koma gyaran rediyo a wata 'yar rumfa. Har ya tsufa, in ya wuce, akwai matan da ke kai hannu kunne. Yana gani, ba ya cewa komai.

Mudan na tambaya ina na sami labarin. Ku da ba ku san sunan manya ba, sai dai Iya da Baba. Wa ke yi miki kitso, Ɗayyaba? Iya ta gidan bayan masallaci, wadda mijinta mai gyaran rediyo ya rasu bara. Kin taɓa ganin ta ba kallabi? Kin taɓa ganin ta da ɗan kunne?

Ita ce Uwani.

Ranar da ta fita takaba na je kitso. Kaina na kan cinyarta ta kwance kallabin, ta kama hannuna ta ɗora a kunnenta na hagu. A rabe yake gida biyu. Ta ce, "Sahura, ya hana ni faɗa yana da rai. Ya ce shi namiji ne, zai iya ɗauka. Yanzu ba ya nan ya hana ni. Ki gaya wa duk wanda zai saurara, Malam bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba." Hawayenta na ɗiga a tsagar kaina. Ni ma kukan na yi, ba na jin kunyar faɗa.

Ba zan ce ƙurunƙus ba, don ba ƙarya na yi muku ba. In an fara kiran magariba, kada ɗayanku ya bi ta gindin tsamiyar nan shi kaɗai. In kuma dole ta sa, ku cire na kunnenku, ku yi sallama, kada ku kalli ƙafar kowa. Ku da kuka rungumi simintin nan da Sallah, da kun kara kunne da kun ji. Har yanzu tana niƙa.

Gobe kuwa, duk wanda kuka ji ya ce Sallau mai hoto ɓarawo ne, ku ce masa Iya ta ce ƙarya ne.

Mudan, kunna fitilar. Ɗayyaba, miƙo 'yan kunnen nan in ajiye miki.